Dawar da Ta Tsiro a Bayan Mota

Yau kwana shida ke nan rabonmu da ganin rana. Ba ruwa ne mai ƙarfi ba, yayyafin marka ne da ba ya ɗaukewa, irin wanda ke narkar da gishiri a kwano ya hana ashana kamawa. Jikokina sai ƙorafi suke, wai kayansu sun ƙi bushewa. Ni kuwa ina zaune ƙarƙashin rufin kwano, ko ɗigo bai taɓa ni ba, amma hankalina ya tafi wata marka da muka yi a ƙauyenmu na kusa da Wara, shekara biyu ko uku bayan an cire mana jihar Kebbi daga Sakkwato.

Lokacin 'ya'yana uku, ƙaramar tana shan nono. Maigidana, Allah ya jiƙansa, direba ne. Sani Direba ake ce masa daga Wara har Yelwa. Mahaifiyarsa tana tare da mu, muna ce mata Inna. Da yake shi ne ɗanta na fari ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce Direba. Motarsa irin dogayen nan ce masu babbar ƙofa a baya, wadda ake ɗagawa sama. Fara ce da can, amma ta tsufa ta koma ruwan toka. Ya saye ta bayan ta bi hannu uku ko huɗu, ya cire kujerar ƙarshe don ya sami wurin kaya. Da ita yake ɗaukar kwandunan busasshen kifi da buhunan albasa da masu cin kasuwa. Da ita muke ci.

Wannan shekarar komai ya zo mana a karkace. Daminar da ta gabace ta, ruwan tafki ya hau ya shanye mana shinkafar fadama, sai dawa kaɗai muka girba, ita ma ba ta cika rumbu ba. Sabuwar damina kuma ta makara, sai da muka yi shuka sau biyu. Ana cikin haka man fetur ya ɓace. Malam, haka nake kiran maigidan, ya yi kwana uku a layin mai a Yelwa, ya dawo da abin da bai wuce na kawo shi gida ba. Daga ƙarshe ya sa aka tura motar gefen zaure, kan wani ɗan gangare da ba ya taɓo, gabanta na sama, bayanta na ƙasa. Ya sa duwatsu a tayoyin, ya miƙo mini makulli. Ya ce zai tafi tungar masunta wajen Kawu Manu, ƙanen Inna, mai gyaran jiragen ruwa, ya taya shi aiki ko ya samo mana kifi da ɗan abin cefane.

Abin da ya bar mana buhu biyu da rabi ne na dawa. Tun da bazara muka sussuke ta muka ɗura a buhunan algarara, muka mayar cikin rumbu. Inna ta duba gero a gona, ta ƙirga kwanaki da yatsunta, ta ce in muka yi hankali za ta kai mu kakar gero. Hankalin kuwa shi ne kunu da safe, da rana kwaɗon tafasa ko rama, tuwo sau ɗaya bayan magariba. Ni nake auna dawar kullum, Inna na tsaye tana kallon kwanon.

Sai marka ta sauka. Rana ta uku da hantsi ina cikin madafi ina fama da jiƙaƙƙen ice, hayaƙi ya cika mini ido, na ji wani abu ya yi tim a bayan ɗaki. Na fito da gudu. Gefen rumbu ne ya jiƙe ya zube, ga buhunanmu a fili ruwa na sauka a kansu.

Inna ta fito ba ko mayafi. Ta ce, "Kulu, ina za mu kai ta? Ɗakina shina zuba, naki shina zuba."

Gaskiyarta. Duk ɗakunan jinka ne, mun jera ƙore da tasoshi a ƙasa muna tarar ɗigo. Na waiga na ga motar tana tsaye, ruwa na zamewa a gilashinta.

Na ce, "Inna, mota. Ƙarfe ce da gilashi, ruwa ba shi da hanya."

Ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Na tabbata."

Har yau ina jin yadda na faɗi kalmar nan, da ƙarfi, kamar ni na ƙera motar.

Ba mu iya ɗaga buhu, sai muka riƙa kwasa da daro muna juyewa. Muka cika buhu biyu a bayan motar, muka jingina su da ƙofar baya. Rabin buhun muka kai ɗakin Inna muka ɗora a kan turmi, shi za mu riƙa ci. Na rufe na motar da tsohon bargo, na kare gilasan da tabarmi, don a irin wannan lokaci ba a son mai wucewa ya ga hatsi. Na kulle, na ɗaure makullin a bakin zanena. Ranar har daɗi na ji, ina ganin na yi dabara.

Markar ta ƙara kwana tara. Noma na biyu ya tsaya, ciyawa ta kai gwiwa a gonar gero. Zannuwa suka yi fumfuna a kan igiya. Yara suka kama tari, ƙafafunsu suka yi fari fat saboda taka ruwa. Kwaɗi suka cika tsakar gida. Masu jirgi suka daina zuwa, babu labarin Malam. Kullum in na wuce ta gefen zaure ina ganin gilashin gaba ya yi gumi daga ciki, sai in ce sanyi ne. Ban taɓa buɗewa ba. Ina tsoron in ɗaga ƙofar ruwa ya shiga.

Ranar da rana ta fito, ita ce ranar da rabin buhun ya zo ƙarshe. Na ɗauki daro na nufi motar, 'yar ƙaramar na goye a bayana. Na sa makulli na ɗaga ƙofar.

Ɗumi ne ya fara buso mini, kamar an buɗe tukunya. Sai wari, mai tsami mai zaƙi, ya shige mini har maƙogwaro. Ruwa ya kwararo daga bakin ƙofar ya jiƙa mini ƙafafu. Na ja bargon. Ya ƙi tahowa. Na ƙara ja da ƙarfi, na ji yana tsinkewa kamar ana cirar ciyawa.

Buhunan sun yi gashi. Saiwoyi farare sun huda algarara ta ko'ina, sun kama bargon, sun kama shimfiɗar motar. Ta bakin buhu ga tsiro nan rawaya-rawaya, tsawon yatsa, ya cunkushe kamar gonar da aka yi wa iri da yawa. Ƙasan buhunan kuma ya yi baƙi ƙirin, yana zaune cikin ruwa.

Ban yi ihu ba. Na tsaya riƙe da bargon ina kallo, ina jiran idona ya gyaru. Daron ne ya suɓuce ya faɗi, ƙararsa ta fito da Inna. Ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta dubi buhunan. Sannan ta miƙa hannu ta tsinki tsiro ɗaya, ta ɗaga shi tana dubawa kamar ba ta taɓa ganin dawa ba a rayuwarta. Ta ɗauki salati a hankali. Da ta gama ta ce, "Ɗauko tabarmi."

Ba ta ce mini ke kika ce ba. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi.

Muka yini muna tsincewa a ƙofar gida, duk unguwa na kallo. Kashi uku muka yi. Ta saman buhu, wadda ta yi danshi amma ba ta fashe ba, ba ta fi ta kwana goma ba. Wadda ta tsiro ita ce mafi yawa. Sai ta ƙasa, baƙa mai yauƙi. Ita wannan na ce zan wanke ta da kyau in shanya, in haɗa da mai kyau a niƙa, ai wuta za ta kashe komai. Inna ta ce a'a, a fara watsa wa agwagi tukuna. Muna da uwar agwagwa da 'ya'yanta bakwai. Na watsa musu ina jin haushi, ina ganin ɓarna ce.

Da yamma na daka wadda ta tsiro na ɗora tuwo. Na tuƙa, na tuƙa, ya ƙi kamuwa. Ina ƙara gari yana ƙara tsinkewa, har ya zama ruwa mai zaƙi. Ashe hatsin da ya tsiro ba ya tuwo. Yara suka sha suna murna wai an sa musu sukari. Kafin a jima babban ya dawo ya ce yunwa yake ji.

Washegari da hantsi Rifkatu ta iso da dammin ice a ka. Bakambara ce daga gidajen kan tudu, Kirista, sa'ar Inna. Sun fi shekara ashirin suna hulɗa, ita ke kawo mana ice da ɗorawa, ita kaɗai na taɓa ji tana kiran Inna da sunanta, Ige. Kowa ya san sana'arta ta biyu, burkutu take dafawa ranar kasuwarsu. Ta sauke icen, ta tsuguna gaban tabarmar, ta ɗebi tsiron ta sansana.

Ta ce, "Ige, wannan ai bai lalace ba. Ni da kaina nake jiƙa dawa in rufe ta kwana huɗu don ta zama haka. Ki ba ni shi, in kawo miki busasshiya. Mudu da mudu."

Na dubi tarin tsiron, na ga tuwon wata guda a kwance. Na dubi Inna.

Inna ta ce, "Rifkatu, na gode. Amma kin san abin da za shi zama in ya shiga tukunyarki, ni ma na sani. Ba ni iya cin musanyarshi."

Rifkatu ba ta ji haushi ba. Ta kakkaɓe hannunta ta ce, "Na san haka za ki ce. Na dai faɗa ne."

Bayan ta tafi na kasa haƙuri. Ban taɓa mayar wa Inna magana ba, amma ranar na ce, "Inna, yara fa?"

Ta ce, "Na san da yara, Kulu." Ta shige ɗaki.

Na zagaya bayan ɗaki don in yi kukana inda ba mai gani. Can na tarar da 'ya'yan agwagwa. Biyar sun miƙe ƙafa sun mutu, biyu suna juya kai suna faɗuwa. Na tsaya ina kallonsu, ina tuna jiya-jiya nake shirin wanke dawar nan in tuƙa wa 'ya'yana. Da hannuna na haƙa rami mai zurfi na binne sauran baƙar dawar.

Kwana uku bayan haka Malam ya dawo, shi da Kawu Manu, da ƙullin busasshen kifi. Tun daga nesa ya hango ƙofar motar a ɗage da tsiro shanye a rana. Na durƙusa a zaure na faɗa masa komai, ban rage ba. Na ce ni na kawo shawarar, ni na ce na tabbata. Ina magana ina jiran faɗa.

Ya je bayan motar, ya ɗaga shimfiɗar, ya ciro tayar safaya daga raminta. Ramin cike yake da ruwa baƙi. Ya naɗe hannun riga ya lalubo ƙasa, ya zaro wani guntun ice naɗe da tsumma. Nan take ruwan ya fara zuba ƙarƙashin motar.

Ya zauna a bakin ƙofar riƙe da icen. Ya ce, "Ni na toshe shi."

Kawu Manu ya ce, "Mi ka toshe?"

Ya ce, "Motar ta fi shekara biyu tana yoyo. Duk damina ruwa na taruwa nan. Na canza robar ƙofa har sau biyu, bai bari ba. Sai na cire toshiyar ramin, in ya shiga ya fice da kanshi. Da zan tafi na ji tsoron ɓera ko maciji su shiga ta nan, shi ne na cusa wanga."

Na ɗago kai na dube shi. Kwana biyar ban yi barcin kirki ba, ban iya haɗa ido da Inna, ina ganin ni kaɗai na kashe gida. Ashe shekara biyu yana tsane ruwa da tsumma a tasha, ko sau ɗaya bai taɓa faɗa a gida ba.

Na ce, "Malam, da ka ba ni makullin, mi ya hana ka gaya mani?"

Ya ce, "Ban taɓa zaton za a sa hatsi ciki ba." Ya ƙara da cewa, "Kuma direba ba shi so a ce motarshi na yoyo."

Inna na tsaye a bakin zaure. Ta ce, "To, Direba, yanzu duk gari ya sani."

Kawu Manu ne ya raba mu da tsayuwar. Dattijo ne gajere, hannuwansa duk tabon kwalta. Ya ce shi bai san inji ba, amma ya san ruwa. Ya ce a jirgi, inda ka ga ruwa ya taru da wuya ya zama nan ya shigo, tafiya yake yi a ɓoye kafin ya nuna kansa. Ya ce ba zai koma tunga ba sai ya ga bakin wannan.

Aka kwashe komai daga bayan motar. Aka ɓamɓare kwalayen da ke rufe gefe da gefe, aka bar ƙarfe tsirara, aka bar ƙofar a ɗage rana ta busar da shi kwana biyu. Malam ya yayyaga takarda, ya riƙa maƙala ta a bakin ƙofa yana rufewa yana ja, ya zagaye robar kaf. Ko'ina takardar ta cije. Robar da ya yi ta zargi ba ta da laifi.

Sai Kawu ya ce dole wani ya shiga ciki a rufe shi, a zuba ruwa daga waje. Shi idonsa ya yi rauni, Malam kuma shi zai yi zubi. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ke ce mai ƙaramin jiki." Na miƙa wa Inna goyo, na karɓi tocila, na hau na kwanta a kan ƙarfen. Aka rufe ni.

Rana tsaka ce. Zafin ciki kamar tanderu, ga warin tsami bai gama fita ba, ga cikina ba komai sai kunun safe. Gumi na shiga mini ido. Ina jin muryar Kawu daga waje yana cewa a fara daga ƙasa, kada a zuba sama tukuna, in ba haka ba ba za a san ta inda ya bi ba. Malam ya fara da buta a ƙasan ƙofa. Na haska, babu komai. Ya matsa kan danja, fitilar baya ta hagu. Babu. Ya koma ta dama. Na ƙura ido, sai ga ɗigo ya kumburo a jikin wani noti, ya yi nauyi, ya gangaro.

Na buga ƙarfen na ce, "Ga shi! Ga shi nan!"

Aka kwance fitilar. Sosan da ke bayanta ya ruɓe, yana marmashewa a hannu. Malam ya yanko tsohon tub ɗin taya daidai wurin, ya shafa sholisho, gam ɗin faci, ya manna, ya ɗaure. Na sake shiga. Aka zuba a fitilar, aka zuba a gilashi, aka watsa buta biyu a rufi. Ko ɗigo. Ranar Malam har waƙa ya yi yana wanke hannu.

Washegari da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi. Yana ɗaukewa muka fita mu uku. Malam ya ɗaga ƙofar. Ƙarfen ramin a jiƙe yake sharkaf, ruwa na ɗiga ta hudar ƙasa. Bangon fitilar kuwa a bushe. Ya zauna a ƙasa cikin taɓo, da rigarsa da komai, ya dafe kai.

Ni ce na tuna da toka. In ɓera ya dame ni a madafi, toka nake barbaɗawa a ƙasa, da safe in ga sawunsa har bakin raminsa. Na faɗa ina jin kunya, don ban manta inda shawarata ta farko ta kai mu ba. Kawu ya ce, "Ɗauko rariya."

Da ƙarfen ya sake bushewa na tankaɗe toka a ko'ina, na hura ta a jikin ginshiƙan gefe har suka yi fari. Kawu ya ce wannan karon ba watsawa za a yi ba, marka za a yi mata, a hankali ba tsayawa. Malam ya hau turmi yana tsiyayar da ruwa a kan rufin, Kawu na miƙa masa guga bayan guga. Ni ina ciki. Guga uku, babu komai. Biyar, babu. Numfashina ya fara sama-sama, na ɗaga hannu zan buga a buɗe ni. Sai na ga wani baƙin zare a cikin tokar. Yana tafiya a hankali, yana lanƙwasa, ya nufi ramin safaya. Na bi shi da tocila baya-baya. Daga gindin ginshiƙin hagu yake fitowa, ta wata 'yar huda. Ruwan ta cikin ginshiƙin yake saukowa, inda ido ba ya gani.

Da aka fito da ni sai da Inna ta zuba mini ruwa a ka kafin na iya magana. Na nuna musu. Kawu ya hau turmin, ya bi ginshiƙin da hannu har sama, kusurwar da rufi ya haɗu da ƙarfen da ƙofar ke rataye a jiki. Wurin sumul yake, fenti lafiya lau, sai wata tsaga siririya kamar gashi. Ya danna da babban yatsa. Wurin ya lotsa. Ya zaro wuƙarsa ya soka, ta shige har ƙota.

Ya ce, "Sani, zo ka gani."

Ya ɓamɓaro wani abu kamar busasshen tuwo, ya faɗo ƙasa. A bayansa ya zaro kwali. Kwalin sabulu ne, jiƙe jagab, har rubutun jikinsa ana iya gani. Da ya gama cirowa sai ga huda ta kusa tafin hannuna, gefenta duk tsatsa. Ashe motar ta taɓa faɗuwa a hannun wani. Maimakon a yi mata walda, sai aka cusa kwali aka shafe da ƙullin gyaran jikin mota, aka bi da fenti.

Malam ya riƙe kwalin yana juya shi. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wanda ya sayar mani rantsuwa ya yi ko akuya ba ta taɓa bugewa ba. Shekara biyar ina ɗaukar mutane, ƙofa mai nauyin nan tana rataye kusa da kwali."

Kawu ya ce a bar rantsuwa, a hura wuta. Yadda yake ɗinke jirgi haka ya ɗinke ta. Ya kankare tsatsar da wuƙa da dutse har farin ƙarfe ya fito. Ya yanko gefen tsohon galan na ƙarfe, ya bubbuge shi ya lanƙwasa daidai kusurwar. Ya narka kwalta a gwangwani, ya murza auduga kamar lagwani, ya tsoma ya cusa a duk tsagar da bakin kurfi. Ya shafe wurin, ya ɗora ƙarfen, ya huda da ƙusa, ya ɗaure da ƙananan sukurori, ya sake bi da kwalta mai zafi har ta malala. Hudar ramin safaya kuwa ya ce a bar ta a buɗe har abada. Ya yanki guntun tsohuwar rariyata ya manne a kai, ruwa ya fita, ɓera kada ya shiga.

Ana cikin wannan aiki, hayaƙin kwalta ya cika ƙofar gida, sai ga Rifkatu. Ba ice a kanta, kwando ne. Ta sauke shi gaban Inna da nishi. Dawa ce ja, busasshiya, da 'yan saiwoyin rogo a kai.

Inna ta buɗe baki, Rifkatu ta riga ta. Ta ce, "Ba musanya ba ce. Daga rumbuna take, ba ta taɓa ganin tukunya ba. Tsironki ki riƙe abinki."

Inna ta kau da fuska ta dubi bango. Ta daɗe a haka. Da ta juyo ta ce, "Ki zauna ki sha ruwa."

Ba zan ce dawar nan ta raba mu da yunwa ba. Ta dai rage. Mun sayar da akuyarmu ɗaya tilo. Tuwo ya koma na kwana biyu-biyu, a tsakani sai kunun tsiro, tsararo mai zaƙi, wanda ke cika ciki na ɗan lokaci ya bar mutum da jiri. Nonona ya ja baya, 'yar ƙaramar ta rame har wuyanta ya yi tsawo, sai da aka yaye ta kafin lokaci. Mun yi noma na biyu da ciki a ɗaure da ɗankwali. Har yanzu in aka miƙo mini kunun zaƙi a wajen biki, sai in ce na ƙoshi. Motar kuwa ta sha ruwa sama da sau goma a tsaye, duk safiya Malam sai ya ɗaga ƙofar ya shafa ƙarfen, ya dubi tafin hannunsa. A tasha daga baya suka sa mata suna Mai Tabo, saboda baƙin facin da ke kusurwarta.

Da gero ya nuna muka girba, muka sussuka, Malam ya samo galan ɗaya na mai wajen 'yan bumburutu, yana shirin fita kasuwar Wara. Inna ta ce kafin kasuwa akwai inda za a je, gidan Rifkatu. Ta sa aka ɗora buhun farko a bayan motar.

Malam ya yi ƙasa da murya ya ce, "Inna, kin fa san abin da take dafawa."

Ta ce, "Ni abinci nika kai mata. Tada mota."

Ta ce ni ma in shiga. Muna tsakiyar hawan tudu hadari ya taso daga wajen tafki, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Inna ta juya a kujera, ta durƙusa tana fuskantar baya, hannunta ɗaya a kan buhun, ɗayan yana lalubar ginshiƙin hagu. Haka ta yi tafiyar har muka isa, motar na tangal-tangal a kan duwatsu, ba ta zauna ba.

Rifkatu ta fito daga ɗaki da faifai a ka. Malam ya ɗaga ƙofar baya, ruwa ya zubo ta gefe da gefe ya sauka ƙasa. Ta dubi buhun, ta dubi Inna. Ta kwance bakinsa, ta zura hannu har gwiwar hannu, ta ɗebo daga can ƙasa. Ta jefa ƙwaya biyu a baki ta ciza, muka ji ƙas.

Ta ɓata fuska da gangan ta ce, "Kai, Ige! Ko tsiro ɗaya babu. Me zan yi da wannan?"

Inna ta ce, "Ki yi tuwo."

Suka fashe da dariya su biyu, ruwa na dukansu, kowacce ta riƙe kafaɗar 'yar'uwarta don kada ta faɗi.